Daga Ambursa zuwa Zuru: Tarihin Lissafin "Akwai" da "Babu" a Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro

A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21 a Najeriya, kuma jihohi biyu aka zaɓa don soma aikin: Kebbi da Bayelsa. Dalilin sa Kebbi a gaba ba ɓoyayye ba ne. Binciken ƙasa na 2015 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5, na 2018 ya sami kashi 52, na 2021 kuma kashi 49, alhali na Legas bai wuce kashi 3 ba. Yanzu yaron da aka haifa a Zuru ko Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji ana so ya karɓi allura 4, a watanni na 5 da na 6 da na 7 da na 15, ga kuma maganin kariya da ake rabawa gida-gida wata-wata a lokacin damina. Duk ranar da ma'aikacin lafiya ya ɗiga jinin yaro a kan abin gwaji, amsar ɗaya ce cikin biyu, akwai cuta ko babu, kuma yaron nan guda za a sake gwada shi a wata mai zuwa da wanda ke biye. Ba da daɗewa ba hukuma za ta tambaya ko aikin nan yana amfani, kuma amsar za ta dogara da tsarin lissafin da aka zuba waɗannan amsoshi a ciki. Abin da tarihin shekara 70 ya koyar, tun daga yankin Birnin Kebbi har zuwa Garki, shi ne cewa tambayar da ake son amsawa ita ce ke zaɓar tsarin lissafi, kuma ana daidaita wannan tambaya ne tun kafin a huda yatsan yaro na farko.

Matsalar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce yaudarar yawa. A ɗauka an bi yara 100 na tsawon wata 4, an sami sakamakon gwaji 400. Mai gaggawa zai lissafa su kamar yara 400 ne daban-daban, alhali yaron da gidansu ke bakin fadama, wanda ba ya kwana cikin gidan sauro, in an same shi da cuta a Yuli to mai yiwuwa ne ƙwarai a sake samunsa da ita a Agusta. Gwajinsa na biyu bai kawo sabon labari cikakke ba. Idan kamancin da ke tsakanin gwaje-gwajen yaro guda ya kai rabi, ƙa'idar da masana ƙididdiga ke amfani da ita ta nuna cewa waɗannan sakamako 400 ba su fi na yara 160 nauyi ba, kuma wanda ya ɗauke su a matsayin 400 zai yi iƙirarin tabbacin da ba shi da shi. Fuska ta biyu ta fi zurfi. Ƙauyuka biyu na iya nuna kashi 50 cikin 100 a kowane zagaye na gwaji, amma a ɗaya rabin yaran ne ke ɗauke da cutar kullum sauran rabin kuma ba ta taɓa su, a ɗayan kuwa kowane yaro yana kamuwa yana warkewa yana sake kamuwa. Ƙauye na farko yana buƙatar a nemo gidajen da abin ya yi wa katutu. Na biyu yana buƙatar kariya ga kowa da kowa. Adadin kashi 50 shi kaɗai ba ya iya bambanta su.

Ƙasar da ta zama Jihar Kebbi a 1991 ta daɗe da sanin wannan yaƙi. A 1954 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, ta buɗe aikin gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi, inda aka riƙa fesa wa bangayen ɗakuna magungunan sauro iri 3, wato DDT da BHC da dieldrin. Leonard Bruce-Chwatt na cikin likitocin da suka jagoranci aikin. Ba a yi nisa ba, a 1955, aka gano cewa sauron da aka kamo a Ambursa ya daina jin dieldrin, kuma sunan wannan gari ya shiga littattafan ilimin ƙwari na duniya saboda haka. Manyan ma'aunan nasara a wancan zamani su ne kason mutanen da aka ga ƙwayar cuta a jininsu da kason yaran da saifarsu ta kumbura. Ma'aunai ne masu amfani, sai dai hoton rana guda suke bayarwa. Idan kason ya sauka, ba su iya faɗin ko sabbin kamuwa ne suka ragu ko kuwa masu ɗauke da cutar ne suka riƙa rabuwa da ita da wuri, alhali feshi da magani ta hanyoyi daban-daban suke aiki.

A gefe guda kuma akwai masu lissafin yaɗuwar cuta. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, shi ne ya fara rubuta yaɗuwarta cikin lissafi, George Macdonald kuma ya faɗaɗa aikin a littafinsa na 1957. Da irin wannan lissafi aka ƙarfafa shirin kawar da cutar daga duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955. A shekarun 1960 aka gwada hasashen Macdonald a Kankiya ta ƙasar Katsina, aka haɗa feshin DDT da raba magani ga jama'a baki ɗaya, amma yaɗuwar cutar ba ta yanke ba. A 1969 hukumar ta janye daga burin kawar da cutar cikin ƙayyadadden lokaci, ta koma batun rage ta. Cikin wannan yanayi na sanyin gwiwa aka tsara aikin Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa ta yau, wanda ya gudana daga 1969 zuwa 1976 bisa haɗin gwiwar hukumar da gwamnatin Najeriya.

Abin da ya bambanta Garki da ayyukan da suka gabace shi shi ne bin mutum da sunansa. An yi rajistar dubban mutane a rukunonin ƙauyuka 8, ana komawa kowane mako 10 ana ɗibar jininsu a kan gilashi ana dubawa da madubin likita. An shafe kimanin shekara ɗaya da rabi ana wannan ba tare da an taɓa komai ba, don a san yadda cutar ke tafiya da kanta a damina da rani. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wa wasu ƙauyuka maganin propoxur, wasu aka ƙara musu da raba ƙwayoyin sulfalene da pyrimethamine, wasu kuma aka bar su don kwatantawa, sannan aka ci gaba da bibiya bayan an tsayar da komai. Sakamakon, kamar yadda Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara a littafin da hukumar ta buga a 1980, ya nuna cewa feshi shi kaɗai bai yi wani babban tasiri ba, saboda wani ɓangare na sauron yana cizo ya fita waje ya huta. Haɗa feshi da magani ya kai cutar ƙasa sosai, amma bai kashe yaɗuwarta ba, kuma da aka daina ta koma inda take. Ban da wannan darasi, Garki ta bar wa duniya wani abu sabo: dogon layin "akwai" da "babu" a gaban sunan kowane mutum, wanda dole a nemo yadda za a karanta shi.

Amsar farko ta fito a 1976 daga Bekessy da Molineaux da Storey. Sun ɗauki mutum a matsayin mai kai-komo tsakanin hali biyu, suka ƙirga mutum nawa ne suka tashi daga "babu" zuwa "akwai" tsakanin zagaye biyu na gwaji, nawa ne kuma suka yi akasin haka, daga nan suka fitar da saurin kamuwa da saurin rabuwa da cutar. Tushen wannan tunani shi ne aikin Andrei Markov, masanin lissafi na Rasha, wanda tun 1906 ya fara nazarin jerin abubuwan da na gaba ke dogara da na yanzu kaɗai. Hanyar ta fito da abin da ƙirgen kaso ba zai taɓa nunawa ba: babban da jikinsa ya saba da cutar yana iya share ƙwayoyin daga jininsa da saurin da ya kai ninki 10 na ƙaramin yaro. Ashe ƙarancin cutar a jinin manya ba daga ƙarancin cizo kawai yake ba. Amma hanyar tana da rauninta. Mako 10 lokaci ne mai tsawo, mutum na iya kamuwa ya warke tsakanin ziyara biyu ba a gani ba. Madubi yakan kasa ganin ƙwayoyin idan sun yi ƙaranci, sai a rubuta "babu" ga mai ɗauke da cuta, a zagaye na gaba kuma a rubuta masa sabuwar kamuwa da bai yi ba. Sannan tsarin yana ɗaukar duk 'yan shekaru ɗaya kamar jikinsu iri ɗaya ne. Shi ya sa a 1980 Burton Singer da Joel Cohen suka koma kan bayanan Garki, suka tsara yadda za a fara gwada ko tsarin Markov ya dace da bayanai kafin a dogara da shi.

A daidai waɗannan shekaru wani reshe na ilimin ƙididdiga yana girma a Ingila da Amurka. Joseph Berkson ya gabatar da ma'aunin da ake kira lojit a 1944, David Cox kuma ya kafa shi a 1958 a matsayin hanyar danganta amsar e ko a'a da dalilai irin su shekaru da muhalli. Amma wannan hanya ta lojistik an gina ta ne bisa sharaɗin cewa kowace amsa daga mutum dabam ta fito. Quinn McNemar a 1947 ya samar da gwaji ga wanda aka auna sau 2, William Cochran a 1950 ya faɗaɗa shi zuwa sau da yawa, sai dai dukansu suna faɗin akwai bambanci ko babu ne kawai, ba su iya ɗaukar dalilai da yawa a lokaci guda. Sai a shekarun 1980 ƙofa ta buɗe, kuma ta buɗe gida biyu. Nan Laird da James Ware na Jami'ar Harvard a 1982 suka tsara lissafin da ke ba kowane mutum nasa matakin na asali, wato nasa rabon rauni ko ƙarfin jiki da mai bincike bai iya aunawa ba, kuma a 1984 su da Robert Stiratelli suka kai shi ga amsar e ko a'a. A 1986 Kung-Yee Liang da Scott Zeger na Jami'ar Johns Hopkins suka fito da hanyar da aka sani da GEE, wadda ba ta damu da matakin kowane mutum ba: tana auna matsakaicin jama'a, sannan ta gyara girman tabbaci don kada a ƙirga yaro guda kamar yara 4. Shekara biyu bayan haka su biyun tare da Paul Albert suka bayyana a fili cewa hanyoyin nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Ana iya ganin hakan da lissafin da ba ya buƙatar kwamfuta. A ƙaddara akwai yara 200 a wata gunduma, 100 masu saurin kamuwa, 100 kuma masu juriya, amma mai bincike ba ya iya rarrabe su da ido. Kafin kariya, 90 cikin rukunin farko ke da cutar, wato rinjayen masu cuta a kan marasa ita 9 ne bisa 1, bayan kariya suka koma 75, wato 3 bisa 1. A rukuni na biyu daga 25 suka koma 10, wato daga 1 bisa 3 zuwa 1 bisa 9. A kowane rukuni rinjayen ya sauka zuwa sulusin yadda yake a da, kuma wannan shi ne abin da hanyar Laird da Ware ke neman ganowa. Amma in an haɗa yaran duka, masu cuta sun sauka daga 115 zuwa 85 cikin 200, rinjayen ya koma daga 115 bisa 85 zuwa 85 bisa 115, wato kimanin kashi 55 cikin 100 na yadda yake. Wannan kuma shi ne abin da GEE za ta bayar. Sulusi da fiye da rabi ba adadi ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ɗaya yana magana a kan yaro, ɗaya yana magana a kan gunduma.

Saboda haka mai bincike a Zuru yana da tambayoyi 3 a gabansa, kowace da tsarinta. In kwamishinan lafiya a Birnin Kebbi yana son sanin yadda nauyin cutar zai ragu a masarautar Zuru idan kowane yaro ya karɓi allura, tambayar jama'a ce, hanyar matsakaicin jama'a ta dace da ita. In likitan yara a babban asibitin Zuru yana son ya gaya wa uwa yadda allurar za ta canza lamarin ɗanta, ko yana son sanin ko 'yan gidaje ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan cutar, to hanyar da ke ba kowa matakinsa ce ke da amsar. In kuwa mai tsara rabon maganin damina yana son sanin tsawon lokacin da yaro ke ɗauka kafin ya sake kamuwa, don ya yanke ko zagaye 4 sun isa yankin da daminarsa ta fi ta arewacin jihar tsawo, to tambayar Garki ce, tsarin sauyin hali ne zai amsa ta. Haka abin yake ga malamin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru mai bin garken shanu wata-wata yana duba sammore, ko mai komawa gonakin dawa kowace shekara yana duba ƙuduji.

Wani zai ce me ya sa ba za a gwada duka ukun a kwamfuta a ɗauki wanda ya fi dacewa da bayanai ba. Amsar ita ce ma'aunin dacewa yana zaɓe ne tsakanin tsare-tsaren da ke amsa tambaya ɗaya. Ba ya iya gaya wa mutum ko kwamishina yake yi wa aiki ko likita. Banda haka, wanda ya gwada hanyoyi uku ya zaɓi wadda ta ba shi adadi mafi daɗin ji ya riga ya lalata tabbacin da zai rubuta a rahotonsa. Wani kuma zai ce ai sau da yawa hanyoyin suna yarda da juna a kan ko magani na aiki ko ba ya aiki. Gaskiya ne, amma kasafin kuɗi ba a kan "yana aiki" ake gina shi ba, a kan "nawa ya rage" ake ginawa, kuma gwargwadon bambancin da ke tsakanin yara gwargwadon nisan da ke tsakanin adadin biyu. A ƙasa irin ta Zuru, mai duwatsu da kwaruruka da fadamu, inda wani gida ke kan tudu wani ke bakin rafi, babu dalilin zaton bambancin ƙarami ne.

Suka mafi nauyi ita ce mai cewa GEE ta fi aminci, tun da ko an yi kuskure wajen kwatanta alaƙar gwaje-gwajen yaro guda, amsarta tana nan daidai. Wannan falala ce ta gaske, amma tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, gyaran tabbacin nata yana buƙatar rukunoni masu yawa, gwamman yara ko gwamman ƙauyuka. Wanda ya kwatanta ƙananan hukumomi 4 na masarautar, wato Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, a matsayin rukunoninsa, zai sami tabbacin bogi. Na biyu shi ne batun waɗanda suka ɓace daga rajista. Donald Rubin ya nuna tun 1976 cewa dalilin ɓacewar bayani yana da muhimmanci kamar bayanin da ke hannu, kuma GEE a siffarta ta asali tana daidai ne idan rashin zuwan yaro ba shi da alaƙa da halin lafiyarsa. A Danko/Wasagu da Sakaba, inda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a 'yan shekarun nan, yaron da bai zo gwaji na uku ba yana iya zama wanda iyayensa suka yi gudun hijira suna kwana a fili babu gidan sauro. In aka share shi daga lissafi, kariyar za ta fito da kyau fiye da gaskiyarta. Hanyar matakin kowa ta fi jure wannan, muddin abin da aka riga aka rubuta game da yaron ya isa ya bayyana ɓacewarsa, kuma a 1995 James Robins da abokan aikinsa sun samar wa GEE gyara ta hanyar ƙara wa irin yaran da suka fi ɓacewa nauyi. Ita ma hanyar matakin kowa ba ta kuɓuta ba: tana zaton wata siffa ga yadda raunin jiki ya rarrabu cikin jama'a, kuma gajeriyar hanyar lissafa ta da Norman Breslow da David Clayton suka yaɗa a 1993 takan rage girman tasiri idan amsar e ko a'a ce kuma gwajin kowane mutum kaɗan ne.

Saura mai cewa Garki tsohon labari ne, ƙasar ta fi Zuru bushewa, kuma yanzu akwai gwajin gaggawa da gidan sauro mai magani da allura. Duk haka ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki adadin Garki na 1972 ya ɗora wa Zuru a yau. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya sa masana ke komawa kan bayanan Garki bayan rabin ƙarni shi ne yadda aka tattara su: an san wane ne aka gwada, a wace rana, a wane ƙauye, kuma an san lokacin da bai zo ba. Da irin wannan rajista ana iya amfani da kowace daga cikin hanyoyin uku, har da waɗanda ba a ƙirƙiro ba lokacin da ake ɗibar jinin. Rajistar da ke cewa kawai an gwada yara kaza a wata kaza, kaza suna da cuta, babu wani gwanin lissafi da zai iya fitar da saurin kamuwa ko bambancin yara daga cikinta, domin an riga an yanke zaren da ke haɗa gwajin Yuli da na Agusta.

Don haka kira ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomin masarautar Zuru da malaman jami'ar da ke garin da ɗalibansu shi ne su yi abu huɗu kafin damina mai zuwa. A rubuta tambayar da ake son amsawa a takarda, a faɗi ko ta jama'a ce ko ta yaro ko ta sake kamuwa, a ambaci tsarin lissafin da za a bi tun kafin a ga sakamako. A ba kowane yaro lamba guda da za ta bi shi daga allurar farko zuwa ta huɗu, ko da ya canza asibiti. A rubuta ranar kowane gwaji da gidan da ƙauyen da yaron ya fito. In kuma bai zo ba, a bi sawu a rubuta dalili, rashin lafiya ne ko ƙaura ko rasuwa ko aikin gona. Jihar da binciken 2021 ya nuna ta fi kowace yawan wannan cuta, kuma aka fara allurar a cikinta, ita ce ta fi cancanta ta ba Najeriya amsar da za a iya dogara da ita.